Sabuwar mota mai caji: ka saya yanzu ko ka jira ragi? Ga yadda zaka yi lissafin

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 duk majalisar da ka zauna sai an taɓo zancen mota mai caji, wani yace shi dai jira yake ta karye, wani yace ai wanda ya jira shi zai sha mamaki. Ni kam duk wanda ya tambaye ni amsata ɗaya ce, kar ka jira ragi haka kawai kamar mai jiran ruwan sama a watan Janairu, in zaka jira toh ka san takamaiman abin da kake jira kuma ka sa masa rana. Bari in bi da ku yadda nake lissafin.

Da farko masu cewa a jira suna da hujja, kuma hujja mai ƙarfi. A Janairun 2023 Tesla ta wayi gari ta zaftare kuɗin Model Y a Amurka daga dala 65,990 zuwa 52,990, wato wanda ya saya ana gobe za'a rage ya kwana ya tashi da asarar dala dubu 13 motar tana fake a ƙofar gida ko ƙura bata yi ba. A China ma a wannan watan sai da waɗanda suka riga suka saya suka yi cincirindo a shagunan kamfanin suna neman a mayar musu da wani abu. A Mayun 2025 kuma BYD, kamfanin motoci na China, ta rage kuɗin motoci iri 22 a China, wasu har kashi 34 cikin ɗari, ƙaramar nan Seagull ta sauko yuwan 55,800. Haka kasuwar motar caji take, kamfanoni sun yi yawa, batir yana ta araha, duk shekara sai sabuwa ta fito wadda ta fi ta bara nisan zango. Shi yasa ta hannu take saurin faɗuwa, ba kamar Corolla ba da zaka hau shekara uku ka sayar ka ci riba a naira.

Toh amma tambayar da zaka fara yiwa kanka ita ce, wannan ragin yana iso nan? Domin kai ba a Shanghai kake ba. Motar da zata zo Kano ko Kaduna sai ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas, a biya kwastan, a biya masu fito da ita, a ɗoro ta a tirela, kuma duk wannan da dala ake auna shi. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye nairarsa a lokacin yana jiran Tesla ta ƙara ragewa, ragin ya zo ɗin kuwa, amma kuɗin da ke hannunsa ko rabin motar basu kai ba. Saboda haka abu na farko, ka duba da wane kuɗi kake jira. In a naira suke zube a asusu toh jiranka caca ce akan canji, ba akan mota ba, tana iya yi maka daɗi in naira ta farfaɗo tana kuma iya kwashe maka ƙafa. In dala ce a hannunka ko kuɗin suna cikin kaya suna juyawa, kaga kai jira baya cin ka sosai.

Wani ragin ma an riga an yi shi, a Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT akan motocin lantarki, don haka ka tambayi dila ko ya fitar maka da shi daga farashin, kar ka tsaya jiran abin da ya riga ya zo.

Sai lissafin mai, wanda nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Ɗauki biro. Mota irin BYD Atto 3 tana cin wajen yunit 16 a kilomita 100, yunit ɗin nan dai da kake saya a mita, in ka haɗa da wanda ke zubewa wajen caji ka ce 18. In kana Band A, wato layin da aka fi ba wuta kuma ya fi tsada, a 2025 yunit ɗaya wajen naira 210 yake, kenan kusan naira 3,800. Motar mai a cikin gari da go-sulo da AC ka ce lita 9, in mun ɗauka lita naira 900 ce (ka sa farashin gidan man unguwarku na yau) ya kama 8,100. Bambanci wajen 4,300 a duk kilomita 100. Ma'aikacin da zirga-zirgarsa gida, ofis, makarantar yara, kasuwa, da ƙyar yake haɗa kilomita 1,200 a wata, abin da zai tsira da shi bai fi dubu 50 da 'yan kai ba, wata shida dubu 300. Yanzu a ce motar miliyan 40 ce, misali nake, ragin kashi biyar kacal miliyan biyu ne. Kaga shi wannan babu abin da ke korarsa, jira ya fi masa. Amma mai haya ko mai kamfanin kai saƙo da ke cin kilomita 200 kullum, shi duk wata sama da dubu 200 yake ƙonawa a banza, wata shida ya haura miliyan ɗaya, shi kam jiran ragin da bashi da tabbas asara ce tsagwaronta.

Kuma duk wannan lissafin ya rataya ne akan wuta. Wallahi kafin ka je kallon mota ka fara kallon mitarka. Batirin babbar Atto 3 yunit 60 ne da ɗan ɗoriya, in a soket ɗin gida zaka sa, irin na firji, sai ya haura awa 20 kafin ya cika daga ƙasa, in ka sa cajar bango mai kilowat 7 wajen awa tara zuwa goma, amma sai wayarin ɗin gidanka ya iya ɗauka, ka kira mai gyaran wuta na gaske ya duba waya da as (wayar da ake binnewa a ƙasa), ba yaron da zai murɗa waya ya naɗe da leda ba. In layinku awa shida ake baku a rana kuma rabinta ma wutar bata da ƙarfi, toh ba ragi kake jira ba, sola kake jira. Mai tafiyar kilomita 50 a rana yana buƙatar wajen yunit tara, fanel biyar ko shida masu wat 550 zasu bayar a ranar da muke da ita a arewa, da inbata mai ƙarfi, sai dai matsalar ita ce lokacin da rana take dukan fanel ɗin motar tana ofis. Sai ka sa batirin ajiya ko ka roƙi a baka soket a wajen aiki. Caji da janareta kuwa kar ma ka fara, man da janaretan zai sha ya kusa wanda motar mai zata sha, ka sayi tsada ka koma gidan jiya.

Akwai wani maƙocinmu da ya yi odar wata daga China ta hannun wani ɗan kasuwa, sabuwa fil ko ledar kujera ba'a cire ba, ranar da ta iso yaran layi har da tafi. Da ya kunna allon gaba komai da rubutun China, taswira bata san Najeriya ba, manhajar da ake buɗe motar da ita a waya taƙi karɓar lambarsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Da ya kai ta wajen caji a Abuja sai bakin cajar yaƙi shiga, ashe motocin da aka yi don kasuwar cikin China bakinsu GB/T ne, waɗanda ake fitarwa ƙasashe irin namu ta hannun wakili galibi Type 2 da CCS2 ne, sai da ya jira adafta sati uku. Bayan wata biyu ɗan adaidaita ya goge masa fitilar gaba, ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano shago-shago ana juya fitilar ana cewa Alhaji wannan sai dai a yi maka oda. Motar nan ta fi wata tana yawo da salatif.

Wannan shi ne ainihin dalilin da yasa nake cewa in mota sabuwar fitowa ce, wadda ko wata shida bata yi a duniya ba, ka bari. Ba don ragi ba, don rukunin farko su ne ake gano aibu a jikinsu, kuma mu nan ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu ga ramuka, bari wasu su fara gwada maka. Amma motar da sabuwa ce a wajenmu kawai, can ta shekara biyu uku tana yawo, hukuncinta daban. Atto 3 tun 2022 take kasuwa, sai a Maris 2025 kamfanin dillancin motoci LOXEA na rukunin CFAO ya ƙaddamar da ita da Dolphin a Legas, irin wannan an riga an san halinta. Hyundai Kona mai caji ma tun 2020 kamfanin Stallion ya nuna wadda aka haɗa a nan. Ka tambayi shekarar da samfurin ya fara fitowa, ba ranar da aka yi bikin buɗe shago ba.

Zancen nisa a taƙaice, lambar da ke jikin takarda kar ka yarda da ita gaba ɗaya. In an rubuta CLTC awon China ne kuma yana da kumbura, WLTP da ake amfani da shi a Turai ya fi kusa da gaskiya, shi ma ka rage masa kashi ɗaya cikin biyar in zaka hau babban titi da gudu da AC. Atto 3 mai kilomita 420 a takarda zata kai ka Kaduna daga Kano ba fargaba, Abuja kuwa sai ka san inda zaka tsaya ka yi caji.

In ka yanke zaka saya yanzu, kar ka tsaya kan farashi kawai domin dila sau da yawa ya fi sauƙin baka kaya akan ya rage lamba. Ka ce a haɗa maka da cajar bango da kuɗin ɗaura ta, a rubuta garantin batir a takarda, shekara nawa kilomita nawa, yawancin kamfanoni shekara takwas suke bayarwa amma ka tambaya a wane gari ake cika alkawarin, in sai ka ɗora mota a tirela zuwa Legas ka sani tun yanzu. Ka tambayi kuɗin gilashin gaba da fitila da bamba da kwana nawa suke ɗauka. In kafin alƙalami zaka bayar motar tana hanya, a rubuta farashin ƙarshe da ranar isowa da abin da zai faru in dala ta motsa ko suka rage kuɗi kafin ka karɓa.

In kuma jira zaka yi, sa wata shida ko zuwa ƙarshen shekara lokacin da diloli ke son kwashe tsofaffin kaya kafin sabon samfuri ya sauka, ka yi amfani da lokacin ka gyara wutar gidanka, kana leƙa masu sayar da tasu bayan shekara ɗaya, domin nan ne ragin gaske yake fitowa. Ta hannun dai kar ka biya sai an jona na'ura an nuna maka lafiyar batirin a allo da idonka, ka caje ta ta cika, ka hau kai da mai ita ku je Zariya ku dawo kana kallon kashi nawa ta ci.