Yadda Ake Ɗaukar Bidiyon Mai Farar Riga a Ranar Zariya

Duk mai ɗaukar bidiyon biki ko hawan sallah a Zariya ya san wannan matsala. Ango ya sha farar shadda, rana ta take, ka leƙa allon kyamara ka ga riga ta fito fes amma fuska ta yi duhu. Ka ƙara haske, fuska ta fito, aikin da ke wuyan riga kuma ya ɓace. Idon mutum yana iya ganin haske da inuwa lokaci guda, kyamara ba ta kai shi ba, sai ka taimaka mata.

Ga abin da ke faruwa a cikinta. Haske yana ratsa gilashi ya sauka kan sansa, wani ɗan faranti mai miliyoyin ƙananan ɗigo. Kowane ɗigo yana tarar haske kamar kofi a ƙarƙashin indararo. Idan ya cika ya tumbatsa, wurin ya zama fari zalla, babu editan da zai dawo da shi. Duhu kuwa ana iya ɗaga shi kaɗan wajen tacewa. Saboda haka rigar ake fara karewa.

Fara da zaɓen lokaci da wuri. Hantsi da bayan la'asar sun fi, domin rana tana zuwa ta gefe, tana fito da siffar fuska. Da tsakar rana hula da rawani suna jefa inuwa a kan idanu. Amma ɗaurin aure ba ya jiran mai kyamara, sau da yawa bayan sallar Juma'a ake yi. To, ka roƙi ango ya matso ƙarƙashin darbejiya ko bakin zaure. Zaurukan cikin birni, irin na wajen Babban Dodo, suna da haske mai taushi da babu fitilar da za ta ba ka irinsa. Sai dai kada ka bar shi ya ba ƙofa baya. Juya shi hasken ƙofa ya sauka a gefen fuskarsa, duhun zauren ya zama bango.

Daga nan sai saiti. Sa firam 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25 da kyamara ke ɗauka a jere, shata kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. Wutar lantarkinmu tana juyawa ne sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wayoyin da suka zo da firam 30 suke nuna fitila tana ƙyaftawa a ɗakin taro. ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, ka sauke shi ƙasa, 100 idan akwai. A rana hoton zai yi haske fiye da kima, kuma a nan ne da yawa suke ɗaga shata zuwa 1/1000. Ba na son wannan ko kaɗan. Dokin da ya taho a sukwane a ƙofar fadar Zazzau sai ya riƙa fitowa a gutsure, motsin ba daɗin kallo. Gilashin ND shi ne magani, yana rage haske ba tare da ya taɓa motsi ba. Ko na waya ana samu.

Yanzu ka kunna layukan zebra, waɗanda ke fitowa a allo a wurin da haske ya yi yawa, ka sa su a 95 ko 100, ka yi ta rage haske har su bar jikin riga. Mai waya ya danna kan rigar ya riƙe har saitin ya kulle, sannan ya ja hasken ƙasa. Fuska za ta yi ɗan duhu, kada ka damu. Ba yaronka farin kwali babba ya tsaya daga gefe, ya taro rana ya mayar kan fuska. Ka sa ido a allo yana matsowa: za ka ga kunci ya fito, ɗan haske ya bayyana a ƙwayar ido. Fata mai duhu tana karɓar irin wannan haske da kyau sosai, musamman ɓangaren ruwan zinare na riflekta, wato faifan mayar da haske da masu kyamara ke amfani da shi. Idan mutum ya fara runtse ido, an matso da yawa.

Launi ma kada ka bar wa kyamara. Jan bangon ƙasa da hazon hunturu suna ruɗa ta, farar riga ta koma shuɗiya. A saitin daidaita launi, sa 5600 a rana, 3200 a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, ko ka nuna mata farar takarda ka kulle.

Lokacin hunturu kuma kada ka canja gilashin bakin kyamara a fili. Shiga mota ko ɗaki, ka juya bakin kyamara ƙasa. Ƙurar da ta hau sansa tana fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama, a kowane firam har ƙarshen bikin.