Yadda Za Ka Koya wa Ɗalibai Karanta Alƙaluman Bincike

Duk malamin da ke duba kundin kammala karatu a harabar Samaru ko ta Kongo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya san wannan hali: ɗalibi ya ga "kashi kaza cikin ɗari" a wata takarda, ya kwashe shi ya zuba a babi na biyu, ko tambaya babu. Gyaran wannan ba da lissafi ake fara shi ba. Ana farawa ne da koya wa ɗalibi yi wa lamba tambayoyi.

Da farko, shigo aji da rahoto na gaske, kada ka ƙirƙiro misali. Ga wanda nake ganin ya fi kama hankali. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sai ga shi a farkon 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Rubuta lambobin biyu a allo ka ce su faɗa maka abin da ya faru. Ka bar su su yi ta gardama, wasu ma za su ce ƙarya ce. Sannan ka nuna musu cewa ma'auni aka sauya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsarin kuwa, awa ɗaya tak ta isa a ce mutum yana da aiki. Daga ranar, ɗalibi zai riƙa neman abin da aka ƙirga kafin ya dubi adadin.

Sai ka koma kan su wa aka tambaya. Mai sayen masara a kasuwar Sabon Gari ba ya yarda da ta bakin buhu kawai, sai ya cusa hannu can ciki. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da shugaba mai ci Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga jerin masu tarho da masu mota aka samo su, wato masu hali. Ka sa ɗalibai su buɗe sashen hanyoyin bincike na kowace takarda, wanda suka fi tsallakewa, su gano yadda aka zaɓo mutanen. Binciken da aka yi kan marasa lafiyar da suka zo asibitin koyarwa na Shika ba ya magana da yawun duk mutanen Zazzau.

Mataki na uku shi ne tambayar da nake so ta zauna a bakin kowane ɗalibi: cikin nawa? A 1995 an yi gargaɗi a Birtaniya cewa wasu sababbin ƙwayoyin tsarin iyali suna ninka haɗarin daskarewar jini. Mata da yawa suka tsorata suka daina sha. Ninkin kuwa daga kusan mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Maganar ba ƙarya ba ce, amma wanda ya ji "ninki biyu" da wanda ya ji "2 cikin 7,000" ba shawara ɗaya za su yanke ba. Ka ba su atisaye su mayar da kowane kaso zuwa adadin mutane.

Matsakaici ba ya buƙatar dogon bayani. Ka ce su lissafa matsakaicin kuɗin aljihun 'yan ajin, sannan su sake lissafi kamar Aliko Ɗangote ya shigo ya zauna. Nan take za su ga amfanin lambar da ke tsakiyar jeri.

Daga nan, abu biyu da ke tafiya tare. Idan zafi ya tsananta a Maris da Afrilu, cinikin ƙanƙara da zoɓo mai sanyi yakan ƙaru, a lokacin ne kuma sanƙarau ke yawaita. Shin zoɓo ke kawo sanƙarau? Za su yi dariya. To, ka miƙa musu takardar da ta ce masu wata ɗabi'a sun fi kamuwa da wata cuta, su nemo abu na uku da zai iya haɗa biyun.

Alamar p, wato lambar da masu bincike ke dubawa kafin su yarda cewa bambancin da suka samu ba dace ba ne kawai, ka bar ta ƙarshe, don ita ce ta fi ruɗa har da manya. Iyakar 0.05 al'ada ce da Ronald Fisher, masanin ƙididdiga ɗan Ingila, ya yaɗa a shekarun 1920. Abin da p ƙasa da 0.05 ke nufi shi ne: da a ce babu wani bambanci na gaske, sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi zai fito ƙasa da sau 5 cikin 100. Ba ta ce bambancin yana da girma ba, ba ta kuma ce yana da amfani ba. Idan mutanen da aka bincika suna da yawa ƙwarai, ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba ma zai tsallake iyakar.

Aikin gida kuwa, kowa ya ɗauko takarda ɗaya ta fanninsa, daga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'ar ko daga intanet, ya bayyana babban sakamakonta cikin jimloli biyar da Hausa, ba alamar lissafi ko ɗaya. Mako mai zuwa su yi musayar takardun, kowa ya nemo tambayar da abokinsa ya manta bai yi ba, ka ba da maki a kan tambayar.