Yadda ake rubuta tarihin kwamandan yaƙin basasa: misalin Murtala

Duk mai niyyar rubuta tarihin Murtala Ramat Muhammad, ya fara jera matakan rayuwarsa shekara bayan shekara kafin ya rubuta kalmar yabo ko ta suka. An haife shi a Kano a 1938, ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya shiga soja a 1958, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, sannan ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Wannan jerin zai hana marubuci kiransa Janar a fagen daga, domin lokacin da yake jagorantar Runduna ta Biyu ta sojojin tarayya a yaƙin basasar Najeriya bai wuce Kanal ba, kuma sai a 1976 ya zama Janar.

Daga nan a shimfiɗa taswira a bi rundunar gari-gari. Ta ƙwato Binin daga hannun sojojin Biyafara a watan Satumba na 1967, ta isa Asaba a Oktoba, sai ta yi ta ƙoƙarin tsallaka kogin Kwara zuwa Anaca a jiragen ruwa tana asarar mutane da makamai, kafin harin kwanton ɓauna na Abagana ya ƙone ayarin motocinta a Maris na 1968. Marubucin da ya ambaci Binin ya yi shiru kan Anaca da Abagana, waƙar yabo ya rubuta.

Asaba ce ta fi bukatar natsuwa. Sojojin tarayya sun kashe fararen hula masu yawa a garin, kuma waɗanda suka tsira sun ba da shaida gaban Kwamitin Oputa, wanda ya binciki take haƙƙin ɗan Adam a Najeriya. A kawo shaidarsu yadda take, amma kada a jingina wa wani bayar da umarni sai da hujja a hannu.

Tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian ana neman su a Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, sai dai a karanta su da sanin cewa ɓangaren tarayya suke goyon baya, kamar yadda rediyon Biyafara yake nasa. Idan aka samu tsohon sojan da ya yi yaƙin, a naɗi muryarsa, a tambaye shi bataliyarsa da sunan kwamandansa, a kuma tambaye shi ko da damina abin ya faru ko da rani, tunda mutum yakan manta kwanan wata amma ba ya manta taɓon da motarsu ta maƙale a ciki.

Mulkinsa daga Yulin 1975 zuwa kisansa a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, a ware masa babi dabam, don kada ƙaunar da jama'a suka yi masa a lokacin ta rinjayi abin da za a rubuta kan shekarun yaƙi.