Haɗa hoto da sauti: wuraren da aikin ya fi lalacewa

Mai son ɗora sauti a kan hoto mara motsi, ko don baje koli ko don gajeren bidiyo, yakan fara tuntuɓe tun wajen zaɓin sautin. Ya ɗauki hoton doki ya sa haniniya, ya ɗauki mai algaita ya sa busa. Kunne bai ƙaru da komai ba, domin ido ya riga ya ba shi labari. Abin da hoton bai nuna ba shi ake nema. A ɗauki filin Ƙofar Soro na Katsina washegarin hawa, babu kowa sai sawun kofato da kashin dawaki, a sa masa kakaki da tambari da hayaniyar jiya a ƙarƙashi. Mai kallo da kansa zai cika filin da mutane. Haka rijiyar Kusugu a Daura: hoton bakin rijiyar a rufe, sautin kuma na igiya tana goga da faɗawar guga cikin ruwa. Ɗora waƙar wani mawaƙi a kan hotuna kuwa ragwanci ne, kuma Facebook ko YouTube na iya toshe sautin saboda haƙƙin mallaka.

Sauran matsalolin yawanci a wajen naɗa ake kwaso su, kuma ba duka ke gyaruwa a kwamfuta ba.

Nisa shi ne na farko. Duk lokacin da tazarar makirufo da mai magana ta ninka, ƙarfin muryar na raguwa da kusan 6 dB (dB shi ne awon ƙarfin sauti), amma ƙarar babura da janareta na nan yadda take. Don murya, a riƙe waya ko rakoda kamar taƙi ɗaya daga baki, santimita 15 zuwa 25, a ɗan karkace don kada iskar "fa" da "ba" ta bugi makirufo. A sa iyafis a kunne ana naɗa ana ji. Wanda bai yi haka ba sai ya koma gida zai gano iskar hunturu ta cinye aikin. Soson da ke kan makirufo bai isa tare ta ba, sai marufi mai gashi-gashi. Idan babu, a juya wa iskar baya ko a raɓe jikin katanga.

Ranar hawa kuma 'yan bindiga ne ke ɓata naɗi. Idan sauti ya wuce 0 dB, wato ƙololuwar ma'aunin rakoda, ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya komawa daidai. A hira ana saita ma'auni ya riƙa tsayawa wajen -12 dB. A filin hawa a sauke shi zuwa -18 ko ƙasa da haka, domin ƙara ƙarfi daga baya ya fi sauƙi. Manhajar naɗa da ke zuwa da yawancin wayoyi tana daidaita ƙarfi da kanta: bindiga na tashi sai ta danne komai, bayan 'yan daƙiƙu kuma ta ɗago hayaniya sama. A nemi wadda ake saitawa da hannu, a sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse. A naɗa a WAV, nau'in fayil da ba ya matse sauti, a saita ingancinsa a 48 kHz, 24-bit. Minti ɗaya na sitiriyo zai ci kusan MB 17, saboda haka a share wuri a waya ko rakoda tun dare. Kada a tura wa mai tacewa ta saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti. A tura a matsayin fayil.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa: shirun wurin. Kafin a tashi, a ce kowa ya yi tsit a naɗi minti ɗaya. Da shi ake cike gurbin da aka yanke. In ba shi, duk inda aka yanka sai a ji sautin ya mutu kwatsam.

Wajen jerawa, daƙiƙa 5 zuwa 8 ta ishi hoto guda, mai cunkoson jama'a kuma ya kai 10. Canja hoto a kan kowane bugun ganga yana mayar da aikin kamar talla. Gara sautin hoto na gaba ya shigo daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin hoton ya bayyana. A gwada aikin a lasifikar waya ma, tunda a nan yawancin mutane za su ji. Ƙugin tambari yakan ɓace a cikinta.

A ɗakin baje koli, bangon siminti da tayil da rufin kwano suna amsa kuwwa har magana ta dagule. Darduma a ƙasa da labule mai kauri suna rage wannan. Ƙaramar lasifika kusa da kowane hoto, da ƙarfi kaɗan, ta fi babba guda a kusurwa. Idan hotuna masu sauti sun matsu da juna, a ba kowanne abin sawa a kunne. A tanadi batir, kada janareta ya zama shi ne sautin baje kolin.

Wanda ya yarda a ɗauke shi hoto bai yarda a naɗi muryarsa ba, sai an sake tambaya. A naɗin kasuwa kuma a saurara da kyau kafin a fitar, domin makirufo kan kwaso sunan wani ko zancen bashinsa daga rumfar da ke gefe. Irin wannan a yanke shi.