Yadda Ake Gane Tsohon Akwatin Ƙanƙara da Mayar da Shi Abin Amfani a Gida

Kafin firji ya shiga gidajen Amurka, da akwatin ƙanƙara ake sanyaya madara da nama. Kabad ne na katako mai ƙofofi biyu ko uku, cikinsa an shafe shi da kwano. A ɗakin sama ake ajiye dunƙulen ƙanƙara, sanyin ya riƙa gangarowa kan abincin da ke ƙasa, ruwan da ya narke kuma ya bi bututu ya zuba a tire. Duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙara lokacin azumi ya jefa a kula ya san dabarar.

Sana'ar ƙanƙara babba ce a zamaninta. Frederic Tudor na Boston ya fara kai ƙanƙarar da aka yanko daga tafkuna zuwa tsibirin Martinique a 1806, zuwa 1833 har Kalkata ta Indiya ya kai ta. A cikin garuruwan Amurka kuwa, uwargida kan kafa kati a taga mai lamba 25, 50, 75 ko 100, mai ƙanƙara ya hango daga kan titi ya san laba nawa zai ɗauko. Bayan kamfanin General Electric ya fito da firjinsa na Monitor Top a 1927, sai kasuwar akwatin ta fara ja baya, aka riƙa tura shi gareji da ɗakin tarkace. A irin waɗannan wurare da shagunan tsofaffin kaya ake tsintarsa yau.

Mataki na farko: tabbatar na asali ne

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin an ƙera na kwaikwayo da yawa don ado kawai.

Durƙusa ka fara daga ƙasa. A gindin akwatin akwai wani siririn katako da ake ɗagawa sama; bayansa tiren ruwa yake zama. Ɗaga shi ka haska da tocila. Na asali za ka ga bakin bututu yana leƙowa, sau da yawa da tabon ruwa a katakon, domin ko an manta a zubar da tiren sau ɗaya ya isa ya bar shaida. Na kwaikwayo ba shi da bututu, ba shi da tabo.

Sai ka buɗe ƙofa ka kama ta da hannu. Ƙofar na asali tana da kauri da nauyi, saboda tsakanin katako da kwanon ciki an cusa abin da zai tare zafi: garin katako, ko gawayi, ko ɓawon itacen da ake yin toshiyar kwalba da shi. Cikin kuma ko dai kwano ne mai launin toka, ko farin shafi mai santsi irin na tsofaffin kwanukan tasa. Idan ka tarar da katako tsirara a ciki, ko ka ga bayan an yi shi da matsattsen garin katako irin na kayan ɗakin zamani, to ado ne kurum.

Dubi ƙarafan ƙofa. Hinji da sakatar na asali tagulla ce mai nauyi, wasu an shafe ta da farin ƙarfe da ya goge a inda hannu ke taɓawa. Kan sukuru ma yana magana: na da tsaga ɗaya ce a miƙe, mai gicciye kuwa sai a shekarun 1930 ya shigo. Sukuru ɗaya ko biyu masu gicciye gyara ne aka yi daga baya, amma in duka haka suke, yi hattara.

Daga nan nemi tambarin kamfani, ƙaramin allon ƙarfe da ake kafewa a gaba. Sunayen da aka sani sun haɗa da McCray na garin Kendallville a Indiana, Leonard na Grand Rapids a Michigan, Baldwin na Burlington a Vermont, da Herrick na Waterloo a Iowa. Sunan White Clad kuwa ya yawaita a jikin na kwaikwayo, don haka kada tambari kaɗai ya sa ka zaro kuɗi. Tambari ana iya saye a kafa; tabon ruwan shekara tamanin ba a sayensa.

Mataki na biyu: duba lafiyarsa

Soka tsinken ƙarfe a ƙafafu da gindi. In ya nutse, katakon ya ruɓe. In ka ga ƙananan huji da gari na zubowa, ƙwari na ciki, kada ka shigar da shi ɗaki sai an yi masa magani.

Idan an taɓa yi masa fenti, ɗauka cewa akwai darma a ciki, domin sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai darma a gidaje. Kada ka goge shi da samfefa a bushe. Ƙurar guba ce, ta fi yi wa yara illa. Nemi abin gwajin darma, ko ka miƙa wa wanda ya san aikin. Kada kuma ka fasa bango don ganin abin da aka cusa. Bar shi a rufe yadda ka same shi.

Mataki na uku: wanki

Ra'ayina a nan mai ƙarfi ne: a wanke, kada a kankare. Na ga akwatin da aka goge da inji har katakon ya yi fari fat, aka zuba masa fenti mai sheƙi, sai ya koma kamar kabad ɗin da aka ƙera jiya. Launin zumar da itacen oak ke yi bayan shekaru ɗari shi ne darajarsa, in ya tafi ba ya dawowa.

Ɗauki hoton kowace ƙofa, ka kwance ƙarafan, kowane da sukurunsa a leda daban. Goge katakon da tsumma mai ɗan damshi da sabulu kaɗan, ka bi da busasshen tsumma nan take, in ya bushe ka shafa kakin zuma. Cikin kuma wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar ƙofofi a buɗe a inuwa kwana biyu ko uku. In warin rufi bai fita ba, zuba gawayi a kwano ka rufe a ciki mako guda.

Mataki na huɗu: sakata

Wannan kada ka tsallake shi. Sakatar akwatin ƙanƙara daga waje kawai take buɗuwa, kuma iska ba ta shiga. Yara da dama sun rasu a Amurka bayan sun ɓuya a cikin tsofaffin akwatuna da firji, abin da ya sa aka kafa doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki. In akwai yara a gidanka, cire ɓangaren da sakatar ke kamawa ka adana shi, ka manna ƙaramin maganaɗisu a madadinsa. Ɗaure bayan akwatin da bango kuma, domin yana da nauyi.

Mataki na biyar: ba shi sabon aiki

Abin da ya fi dacewa da shi ajiyar busassun kaya. Ɗakin ƙanƙara yana da zurfi, yana ɗaukar filas da tukunyar shayi, ƙasa kuma kofuna da farantai. Wasu na zuba littattafai, wasu tawul da zannuwan gado, ƙaramin kuma yana zama teburin gefen gado. In kayan abinci za ka ajiye, sa su a kwalba ko roba mai murfi, kada su taɓa kwanon ciki, saboda tsohuwar ƙirar kwano akan haɗa gaɓoɓinta da darma.

In kantocin wayar ƙarfe na ciki sun ɓace, kafinta ya yanka maka katako daidai maratayan da ke jikin bango, ba sai an buga ƙusa ba. Mai son sa fitila a ciki kuma ba ya buƙatar huda ko'ina: ramin bututun ruwa yana nan, ta nan za a zura waya ta fito ta bayan katakon gindi.