Yadda Za Ka Tsara Sunan Yanki da Sunan Mai Shiga a Uwar Garken Tantancewa

Idan ma'aikatarku tana da ofishi a Yamai da reshe a Tawa, kuma ma'aikata suna shiga Wi-Fi da suna da kalmar sirri, uwar garken RADIUS, wato kwamfutar da ke tantance masu shiga, ce take yanke hukuncin wanda za a buɗe wa ƙofa, a tasha mai lamba 1812. Sunan da take karɓa kashi biyu ne, kamar akawu@yamai.misali.ne. Abin da ya zo bayan alamar @ shi ne yanki, wanda masu sana'ar suke kira realm, kuma shi yake nuna inda asusun mutum yake ajiye.

A FreeRADIUS, manhajar da ke wannan aiki, fara da fayil ɗin proxy.conf, ka rubuta yankin gida, wato na Yamai, ba tare da ka nuna masa wata uwar garke ba, domin a tantance shi nan take. Sashen suffix zai yanke yankin, ya ajiye "akawu" kaɗai a cikin Stripped-User-Name, wanda da shi za a nemi mutum a kundin LDAP, wato rumbun da ke ajiye asusun ma'aikata.

Wajen yankin Tawa ne ake yawan tuntuɓe. Shi ana tura buƙatunsa ne zuwa uwar garken Tawa, don haka sa masa nostrip, wato umarnin hana yanke yanki, domin sunan ya isa can da cikarsa. Kowane ofishi yana da nasa akawun, kuma in aka yanke yankunan biyu aka nufi kundi ɗaya da su, uwar garke ba za ta iya bambance na Yamai da na Tawa ba, har izinin ɗaya ya faɗa hannun ɗayan. A ganina, wanda yake riƙe da kundin shi kaɗai ya cancanci yanke suna. Kada kuma ka taɓa User-Name na asali, wato sunan da mutum ya turo, domin EAP, tsarin tantance masu shiga Wi-Fi, yana ƙin buƙatar da sunanta ya sauya a hanya.

Kwamfutocin Windows kan turo suna a juye, YAMAI\akawu, sai ka kunna sashen ntdomain, mai gane irin wannan suna, saboda su. Wanda bai rubuta yanki ba kuwa yana faɗawa ƙarƙashin yankin da ake kira NULL.

Kerberos, wani tsarin tantancewa, al'adarsa daban ce: ana rubuta yanki da manyan haruffa, MISALI.NE, kuma ƙa'idar auth_to_local a krb5.conf ce take mayar da cikakken suna zuwa sunan gida.

Kafin ka bar kowa ya shiga, tayar da uwar garken da freeradius -X, ka gwada kowane salon suna da manhajar gwaji ta radtest, kana duban layin da ya nuna yankin da aka zaɓa.