Darasi na 7: Yadda ake shuka furen takarda a gida

To iyayena da yayyena, yau furen takarda za mu koya. Fure ne da ake ce wa strawflower da Turanci, asalinsa daga ƙasar Ostireliya yake, mu a aji muka sa masa wannan suna saboda in ka taɓa shi tun yana ɗanye sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar takarda. Akwai rawaya, akwai ja, fari, ruwan hoda da ruwan lemo, kuma in ya bushe kalarsa ba ta zuba, sai ya shekara a falo yana nan da kyansa.

Mataki na 1: Shuka

A samu tsohon bokiti ko babban gwangwani, a huda gindinsa da ƙusa yadda ruwa zai riƙa fita. A zuba ƙasa mai yashi-yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, a jiƙa ta tukuna kafin a taɓa iri. Sai a barbaɗa irin a SAMAN ƙasar, a ɗan danna da tafin hannu, shi ke nan. Ba a binne shi.

Zan sake faɗa, ba a binne shi. Na san hannunku ya saba da gero da masara, ka sara rami ka jefa ka take da ƙafa, shekara da shekaru haka muke yi kuma ba laifi ba ne, amma wannan irin ƙanana ne sosai kuma sai ya ga haske yake tsirowa, in ka rufe shi da ƙasa ka kashe shi a duhu. Kar ki ce bari in ɗan yayyafa masa ƙasa kaɗan saboda tausayi, Hajiya wannan kaɗan ɗin ita ce matsalar. A sama. Ki riƙa ganinsa da idonki yana kwance.

Ban ruwa ma haka, kar a kwarara da buta, ruwan zai tura irin cikin ƙasa ka ga an binne ke nan ba a sani ba. A huda murfin gorar ruwa da allura a riƙa fesawa a hankali safe da yamma. Cikin kwana 7 zuwa 10 za ku ga tsiro in sha Allah, wanda nasa ya ɗan makara kar ya karaya, kowa da haka ya fara.

Amma gaskiya abin yana min ciwo. Ajin da ya wuce na faɗa, na rubuta a allo, muka karanta tare da ƙarfi, bayan sati biyu ana ta zuwa min da bokiti wai Malam irin nan ba shi da kyau, ina tonawa sai in same shi can ƙasa. Haba jama'a! Irin ba shi da laifi, kunne ne bai ji ba. Don Allah kar ku maimaita min wannan.

Mataki na 2: Dashe

In tsiron ya yi ganye huɗu ko fiye sai a dasa shi inda rana ke bugawa sosai, tsakanin kowane biyu santimita 30, wato tsawon rular ɗan makaranta. Ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, saiwarsa ruɓewa take, shi ya sa bayan damina da lokacin sanyi ya fi daɗin shukawa a wajenmu. In ya kai tsawon rula a tsinke kansa don ya yi rassa.

Mataki na 3: Yanka

Wajen wata uku zai fara fure. A yanke da safe bayan raɓa ta bushe, lokacin da layi biyu ko uku na wajen furen suka buɗe amma tsakiyar tana rufe, don yana ci gaba da buɗewa bayan an yanke. Na ado ɗanye a sa a kofi da ruwa.

Mataki na 4: Busarwa

A zage ganyen, a ɗaure da roba, a rataye kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska, sati biyu zuwa uku.

Aikin gida: rubuta wannan jimla sau biyar a littafinka, "Ba a binne irin furen takarda." A zo da bokiti ranar Asabar.